Gidaje Huɗu, Gadon Sarauta Ɗaya: Salsalar Sarakunan Zazzau da Abin da Ya Sami Masarautun Indiya

Laccar da aka gabatar a taron dattawa da matasan Unguwar Rimi, Kaduna

  



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan tarihin gidan sarauta da salsalarsa, in kuma leƙa abin da ya sami masarautun ƙasar Indiya, waɗanda Turawan Ingila suka mallaka tun kafin su iso gare mu. Ba sai mun yi nisa ba wajen neman gidan da za mu nazarta. Ƙasar da muke zaune a kanta, daga Unguwar Rimi zuwa Malali, Unguwar Sarki, Kawo da Doka, tana ƙarƙashin masarautar Zazzau. Mai unguwar da ke sa wa yaronka hannu a takarda, ta hannun dagaci da hakimi yake isa fadar Zariya. Hatta unguwar da sakatariyar ƙaramar hukumarmu take, sunan wata sarautar Zazzau ta ci, wato Magajin Gari. Duk da haka, in ka tsayar da samarinmu a bakin titin Isa Kaita ka ce su lissafo maka gidajen sarautar Zazzau, da yawa za su yi shiru.

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zaure shi ne: sarautar Zazzau ta yi tsawon rai ne saboda tun daga jihadin Shehu Usmanu ba ta taɓa zama mallakar gida ɗaya ba, kuma saboda gidan da ya rasa ta yakan zauna cikin gari ya ci gaba da hidima har Allah ya kawo rabonsa.

Daga Turunku zuwa Kufena

Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Jerin sarakunan da aka gada ya fara ne da Gunguma, wanda labarin Bayajida ya ce ɗan Bawo ne, ya ƙare da Makau, sarki na sittin. A cikin wannan dogon jeri, sunan da tarihi ya fi riƙewa shi ne Bakwa Turunku. Turunku ba ta da nisa da mu, tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, kuma har yau kufanta da duwatsunta suna nan. Daga can ne aka ɗauke cibiyar mulki aka mai da ita arewa, gindin dutsen Kufena, a wajen ƙarni na 16, inda birnin Zariya ya kafu. Masu ba da tarihi suna cewa birnin ya ci sunan Zariya, ƙaramar 'yar Bakwa.

Babbar 'yar kuwa ita ce Amina. Manyan madogarai biyu sun ambace ta: littafin tarihin sarakunan Kano, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Dukansu sun nuna mace ce da ta kai yaƙi kudu, aka riƙa kawo mata gaisuwa; na Kano ya ce ta kai har ƙasashen Nufe da Kwararrafa, an kuma kawo mata har da goro. Shi ya sa tsofaffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa ake kiransu ganuwar Amina.

Matsayin Zazzau a taswira shi ya yi mata arziki, shi kuma ya ɗora mata nauyi. Ita ce ƙofar kudu ta ƙasar Hausa. Fatake masu gangarawa Nufe da ƙasar Yarbawa ta nan suke bi. Ƙasa ce mai ruwa da albarkar auduga, mai jama'a iri-iri: Hausawa, Fulani, Gbagyi, Adara, Kurama, Atyap, Bajju da sauransu. Duk wanda ya hau gadon Zazzau, jama'a mai harsuna da addinai daban-daban ya gada.

Ranar da sarauta ta rabu biyu

A farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Jatau ya rasu, ɗansa Muhammadu Makau ya gaje shi. A zamaninsa jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso. Jerin sarakuna na gargajiya yana sa faɗuwar birnin a 1804, masu bincike na baya kuma suna kai ta ƙarshen 1808. Mutanen Suleja suna ba da labari cewa Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa cikin birni ba. Ya yi kudu da jama'arsa, ta Kauru da Kajuru, har ya sauka Zuba. Ya yi shekaru yana yaƙi, aka kashe shi a wajen Lapai cikin 1825. Ƙanensa Abu Ja ya karɓi jama'a, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa: Abuja.

Wannan reshe bai mutu ba. Bayan Abu Ja an yi Abu Kwaka, aka yi Ibrahim Iyalai, Muhammadu Gani, Musa Angulu, sannan Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sulaimanu Barau. Har yau sarkin garin, Sarkin Zazzau Suleja ake ce masa. Ke nan babban birnin Nijeriya sunan ɗan Sarkin Zazzau Jatau yake amsawa. Wanda zai ba da tarihin Zazzau ya tsallake Suleja, rabi ya bayar.

Gidaje huɗu

Mu dawo Zariya. Wanda Shehu ya ba tuta shi ne Malam Musa, malami Bafillace wanda asalinsa daga ƙasar Malle yake, shi ya sa ake ce wa zuriyarsa Mallawa. Sai dai ba shi kaɗai ya ci garin ba. Tare da shi akwai Malam Yamusa, wanda iyayensa Fulanin Barno ne, daga gare shi gidan Barebari ya fito. Akwai Malam Abdulkarim, daga Fulanin Katsina, kakan Katsinawa. Akwai kuma Abdussalami Basulluɓe. Da yake aikin na taron dangi ne, sarautar ma ba ta tsaya a gida ɗaya ba.

Malam Musa ya rasu a 1821. Ba ɗansa aka naɗa ba, sai Madakinsa Yamusa. Da Yamusa ya rasu a 1834, shi ma ba ɗansa ya gaje shi ba, sai Abdulkarim, wanda ya riƙe har 1846. A zamanin Abdulkarim ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ginin ƙasa mai bakan-gizo wanda masana gine-gine daga ƙasashen duniya suke zuwa kallo. Sarakuna uku na farko, gidaje uku daban. A nan aka aza harsashin da ake kai har yau.

Bayan Abdulkarim sarauta ta koma Barebari: Hamada ɗan Yamusa, wanda bai cika wata biyu ba ya rasu, sai ɗan'uwansa Mamman Sani. Daga nan ta je Mallawa ta hannun Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa. Bai shekara ba Sakkwato ta tuɓe shi, bayan saɓani da ya shiga tsakaninsa da Wazirin Sakkwato, wanda shi ne ke kula da al'amuran Zazzau. Aka naɗa Abdussalami, wanda shi kaɗai ne Basulluɓen da ya taɓa hawa gadon. Bayansa Abdullahi ɗan Hamada na Barebari ya hau, Sakkwato ta tuɓe shi a kan rikicin Keffi, ta naɗa Abubakar ɗan Malam Musa. Da Abubakar ya rasu aka mayar da Abdullahi, daga baya aka sake tuɓe shi. Sai Sambo ɗan Abdulkarim na Katsinawa, wanda hare-haren Ningawa suka dagula wa zamani har shi ma aka sauke shi. Sai Yero ɗan Abdullahi, sai ɗansa Kwasau a 1897, dukansu Barebari.

In muka haɗa da waɗanda suka biyo baya har zuwa yau, sarakuna 19 ke nan tun daga Malam Musa: Barebari 9, Mallawa 5, Katsinawa 4, Sulluɓawa 1.

Amfanin wannan tsari da illarsa

Kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Wannan tsari yana da ɗaci. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau ya fitar da littafinsa a kan mulkinta a 1960, ya nuna yadda sabon sarki kan sauke 'ya'yan gidan wanda ya gada daga manyan sarautu ya naɗa nasa, a wasu lokuta har a ƙwace dukiyar wanda aka tuɓe. Barori da 'yan fada sukan tashi da tashin gidan ubangijinsu, su faɗi da faɗuwarsa. Sannan yawan gidaje ya ba na waje hannu. Duk lokacin da sarki ya yi taurin kai, akwai wani gida a shirye. Shi ya sa tuɓe sarki ya yi yawa a Zazzau a ƙarni na 19.

Amma mu dubi ɗaya gefen. A Kano, tun daga Sarki Ibrahim Dabo a 1819 sarauta tana gida ɗaya. Wannan bai hana basasa ba: daga 1893 zuwa 1895 an gwabza tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, jikokin mutum ɗaya, aka yi asarar rayuka da garuruwa. Zazzau mai gidaje huɗu ba ta taɓa ganin basasa irin wannan ba. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya san ƙofa ba a rufe take ba har abada, ba ya saurin zare takobi. Sarki kuma da ya san wata rana 'ya'yansa za su zauna ƙarƙashin wani gida, dole ya sassauta hannu. Ga auratayya da ta ɗinke gidajen, ta yadda da wuya ka sami ɗan sarki a Zariya da ba shi da kawu ko kaka a wani gidan. Kowane gida ya zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa, kuma wannan sa ido shi ne linzamin sarauta.

Zuwan Turawa da dabarar da suka zo da ita daga Indiya

Kwasau ya hau ne da ƙarfin magoya bayansa, ba shi Sakkwato ta so ba. Ga kuma Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yana cin ƙauyukan Zazzau. Cikin wannan matsi Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo a 1902, suka kawar masa da Nagwamatse, amma ba su koma ba. Ba a jima ba suka kama shi, suka tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. A 1903 Gwamna Lugga ya naɗa Aliyu ɗan Sidi daga Mallawa. Aliyu malami ne, fasihin marubucin waƙoƙi, wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa irin su Tabarƙoƙo da Waƙar Diga a jami'o'inmu. Shi ma a 1920 Turawa suka sauke shi bisa zarge-zargen da suka yi masa, suka kai shi Lakwaja, a can ya rasu. Ikon da ke hannun Sakkwato na naɗawa da tuɓewa ya koma hannun Gwamna.

A nan ne Indiya ta shigo labarinmu. Shi Lugga a birnin Madaras na Indiya aka haife shi a 1858, kuma a wannan yanki ya fara aikin soja. A can Turawa sun daɗe da gane cewa mulki ta hannun sarakunan ƙasa ya fi araha, ya kuma fi sauƙi. Sai su bar sarki a kan gadonsa, su ajiye masa Razdan a gefe, su riƙe soja da hulɗa da waje. Wannan dabara Lugga ya shimfiɗa a Arewa. Hatta al'adar tara sarakuna da dawakansu a gaban Gwamna, irin wadda aka yi a Kano a 1913, da wadda aka yi wa Sarauniyar Ingila a nan Kaduna a 1956, koyi ne da manyan tarukan da suka yi a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Garin Kaduna kansa, wanda aka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917, an kafa shi ne a ƙasar Zazzau, cikin ƙauyukan Gbagyi, kuma a nan Majalisar Sarakunan Arewa ta riƙa zama a zauren Lugga.

Gidan sarautar Bofal

Lokacin da Indiya ta sami 'yanci a 1947 akwai masarautu wajen 565, manya da ƙanana. Bari in ɗauki ɗaya wadda za ta fi ba mu sha'awa, wato Bofal, masarautar Musulmi a tsakiyar ƙasar. Wani mayaƙi daga Afganistan, Dost Muhammad Khan, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 18, sa'ad da daular Mugal ta fara rauni. A 1818 ta ƙulla yarjejeniya da Turawa. Shekara guda bayan haka sarkinta ya rasu ya bar ƙaramar 'ya, sai matarsa Ƙudsiyya Begam ta riƙe mulki. Daga 1819 zuwa 1926, in ka cire 'yan shekaru kaɗan, mata huɗu ne suka mulki Bofal, uwa tana miƙa wa 'ya.

Bayan Ƙudsiyya sai 'yarta Sikandar Begam, wadda ta gyara harkar haraji da shari'a, ta yi aikin Hajji, ta rubuta labarin tafiyarta. Sai 'yarta Shah Jahan Begam, daga 1868 zuwa 1901, wadda ta fara ginin katafaren masallacin Tajul Masajid, ta kuma ba da kuɗin gina masallacin garin Wokin a Ingila a 1889. Sai 'yarta Sultan Jahan Begam, daga 1901 zuwa 1926, mai kishin ilmin mata, wadda ita ce uwar Jami'ar Musulmi ta Aligar ta farko a 1920. Ita ce ta sauka ta bar wa ɗanta Hamidullah Khan, sarki na ƙarshe mai iko. A 1949 Bofal ta narke cikin Indiya. Babbar 'yarsa ta yi ƙaura zuwa Pakistan, ta biyun, Sajida Sultan, ta auri sarkin Pataudi. Matasanmu masu kallon finafinan Indiya sun san jikanta, Saif Ali Khan. Tattaɓa-kunnen sarkin Bofal na ƙarshe ne.

A cikin masarautun Indiya, wadda ta fi kowace girma, Haidarabad, gidan Nizam ne ya riƙe ta tun 1724, sarakuna bakwai a jere. Na ƙarshensu, Mir Usman Ali Khan, a zamaninsa ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a duniya. Ya ƙi shiga Indiya, sojoji suka shiga ƙasarsa a watan Satumba 1948, cikin 'yan kwanaki aka gama. Sauran sarakunan da suka miƙa wuya an yi musu alkawarin albashi na shekara-shekara da riƙe laƙabinsu. A 1971 gwamnatin Indira Gandi ta yi wa tsarin mulki gyara na 26, ta soke albashin, ta soke amincewa da sarautun baki ɗaya. Yau fadoji da dama sun zama otal-otal da gidajen tarihi, har da fadar Falaknuma ta Nizam.

Me ya sa alƙalami ɗaya ya iya share su? Na farko, sarakunan Indiya ƙasashe suke riƙe da su, wasu da sojansu da kuɗinsu, don haka sabuwar gwamnati ta ɗauke su kishiyoyi. Na biyu, da yawansu ƙarfinsu ya rataya ne a kan yarjejeniya da Bature, da Bature ya tafi sai igiyar ta tsinke. Na uku, mafi yawansu gida ɗaya ne, zuriya ɗaya. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 Gwamna Dalhauzi ya riƙa haɗiye masarautu irin su Satara da Jansi da Nagpur da hujjar cewa sarki ya mutu bai bar ɗa namiji na cikinsa ba. Irin wannan hujja ba za ta taɓa cin Zazzau ba, domin in wani gida ya rasa magaji, ga uku a tsaye.

Daga Dalhatu zuwa yau

Bayan Aliyu ɗan Sidi, Barebari suka riƙe sarauta shekara 39 a jere: Dalhatu ɗan Yero daga 1920, Ibrahim ɗan Kwasau daga 1924, sai Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku daga 1937 zuwa 1959. Ja'afaru ya daɗe yana hakimci a Zangon Katab kafin ya hau, kuma har yau dattawan Zariya suna ambatonsa da ilmi da tsare gaskiya a shari'a. A zamaninsa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kuma mayar da kwalejin da ta zama Barewa daga Kaduna zuwa Zariya a 1949.

A 1959 sarauta ta koma Katsinawa bayan sun yi kusan shekara 70 suna jira. Muhammadu Aminu ya hau, a zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da ya rasu a 1975 aka naɗa Alhaji Shehu Idris, jikan Sarki Sambo, wanda ya taɓa zama sakataren Sarki Aminu. Ya yi shekara 45 a kan gado, mafi tsawo tun daga jihadi, ya rasu a nan Kaduna ranar 20 ga Satumba 2020. Allah ya jiƙansa da rahama.

A tsawon zamanin waɗannan sarakuna biyu ne aka zare wa sarauta kusan duk haƙoranta. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe gudanar da mulki. Dokar ƙasa ta 1978 ta mai da filaye hannun gwamna. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. Abin da aka yi wa sarakunan Indiya a rana ɗaya, mu an yi mana shi a hankali. Duk da haka, ranar Sallah ka je Zariya ka ga yadda gari ke cika domin hawa. Rikicin gona ko na gado ko na aure, har yau talaka gidan mai unguwa yake fara zuwa kafin ofishin 'yan sanda. Allurar rigakafi ba ta shiga lungu sai da yardar dagaci. Sarautarmu ta tsira ne domin tana da tsani da ya sauko har ƙofar gidan talaka.

Da gado ya zama babu kowa a 2020, masu zaɓen sarki su biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Manyan 'ya'yan sarki daga gidaje daban-daban suka nema. Ranar 7 ga Oktoba 2020 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da naɗin Magajin Garin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, tsohon jakadan Nijeriya a Tailan, ɗan Malam Nuhu Bamalli, marubuci kuma ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Farko. An yi ja-in-ja, magana ta je har kotu, amma gari bai ƙone ba. Mallawa sun dawo bayan shekara 100 cif. A cikin waɗannan shekaru ba su yi ƙaura ba, ba su kafa wata fada a gefe ba. Sun karɓi sarautu a hannun sarakunan Barebari da na Katsinawa, sun yi musu hawa, sun faɗi sun yi gaisuwa. Mahaƙurci mawadaci.

Waɗanda salsala ba ta ambata

Jerin sarakuna ba shi ne dukan tarihi ba, kuma ina roƙon iyayena su ba ni dama in faɗi wannan a fili. Arzikin Zazzau na ƙarni na 19 ya ginu a kan noma da fatauci, amma ya ginu kuma a kan bayi da rinji, kuma da yawa daga cikin bayin nan daga ƙabilun kudancin ƙasar aka kamo su. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta rayuwarta aka buga a 1954, zai ji yadda harin kama bayi ya taɓa har Hausawan ƙauye. Jikokin waɗanda aka kai wa hari maƙwabtanmu ne a garin nan, muna kasuwa ɗaya da su. Rikicin da ya faru a Zangon Katab a 1992 ya nuna mana cewa tsohon miki da ba a wanke ba yakan tashi. Ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju a 1995, da waɗanda suka biyo baya a zamanin Gwamna Ahmad Maƙarfi, mataki ne na ba kowa nasa. In muna son maƙwabcinmu ya girmama tarihinmu, sai mu yarda mu saurari nasa.

Haka nan mata. Bofal ta adana sunayen sarauniyoyinta da ayyukansu da rubuce-rubucensu. Mu kuwa muna alfahari da Amina, amma salsalarmu daga uba zuwa uba take tafiya. A zamanin sarakunan Hausa, sarautar Iya ta mata ce, daga baya ta koma hannun 'ya'yan sarki maza. Su wane ne iyayen sarakunan nan 19 mata? Daga waɗanne gidaje suka fito? Amsar tana bakin tsofaffin mata a cikin gidajen Zariya, kuma ita ce za ta nuna mana yadda aure ya riƙe gidajen huɗu lokacin da siyasa ke neman raba su.

Kira

Ina da roƙo ga rukuni uku.

Ga gwamnati: ikon naɗawa da tuɓewa ya taso daga Sakkwato ya koma hannun Bature, yau yana hannun gwamna. Amana ce mai nauyi. A bar masu zaɓen sarki su yi aikinsu bisa ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin gado ya zama babu kowa, kada a mai da gidajen sarauta abin wasan siyasar shekara huɗu. Abin da ke faruwa a wasu masarautun maƙwabta ya isa ishara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga 'ya'yan gidajen sarauta: dukiyar Nizam ba ta tsare masa gado ba. Abin da zai tsare naku shi ne talaka ya ga amfaninku a makarantar 'ya'yansa, a asibitin garinsa, a sulhun da ke hana shi kwana a kotu. Ku buɗe akwatunan takardun kakanninku, wasiƙu da littattafai na ajami da na Larabci, a ɗauki hotonsu a adana kafin gara ta riga mu.

Ga matasa: Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa duk a garin nan suke, kuɗin Keke Napep ya ishe ku zuwa. A cikinsu akwai rahotannin gundumomin Zazzau da wasiƙun sarakuna. Ku je ku karanta. Wayar da ke hannunku tana naɗar murya: ku zauna gaban kakanninku, ko daga Zariya suka zo, ko daga Kano, ko Barno, ko Kagoro, ku tambaye su wane ne ya haifi wane, me ya kawo su Kaduna, wa ya sauke su. Ku rubuta, ku faɗi mai daɗi da marar daɗi, ku bar wa na baya. Ba sai gidan sarki ne ke da salsala ba, kowane gida yana da tasa, kuma in ba ku rubuta ta ba, ba wanda zai zo daga waje ya rubuta muku.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau, ya yi wa shugabanninmu jagora, ya zaunar da jihar Kaduna da Nijeriya lafiya.